Lallen da Na Bari Ya Wuni a Kan Kaka

Jiya jikata ta kwaɓa lalle a tsakar gida. Ƙanshin na bugun hancina sai ga ni a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, ina 'yar shekara goma sha biyu.

Kakata ta wajen uwa ita ce mai kitson ƙauyen. Da ƙafa ita da ayarinsu suka taso daga Sakkwato za su Makka, guzuri ya ƙare a Jazira, wani yankin noma da ke kan hanyar, suka tsaya tsinkar auduga ta shekara ɗaya, shekarar ta zama arba'in. Ba ta taɓa kan mace sai ta tsinki sili ɗaya ta jefa a ƙoƙon ruwa. In ya tsaya a sama, gashin mai taurin kai ne, mai da lalle sai sun sha roƙonsa. In ya nutse, mai ƙishirwa ne, yana sha da wuri yana bushewa da wuri. Nawa ko wuni ya yi ba ya nutsewa. Takan ce halina ya ɗauko, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Nata gashin kuwa ranar gona da wankin kanwa sun cinye shi. Fari ne fat. In aka shafa masa man riɗi da safe, kafin azahar kamar ba a shafa ba.

Wata shekara ana tsakiyar tsinka, saƙo ya zo cewa ƙanwarta da ta baro tana yarinya tana cikin motar alhazai, za su yada zango na wuni ɗaya a garinmu. Kaka ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba ta so ƙanwar ta ga furfurar ta koma gida ta ce wahala ta gama da ita a ƙasar mutane. Mahaifiyata tana gona, sai ta kira ni in sa mata lalle.

"Ɗan duhu-duhu nika so, ɗiyata," ta ce. "Ki fara cika shi da mai don kar shi sha da yawa. La'asar na yi ki wanke."

Ni kuwa kaina na sani, wanda lalle ke wuni a kansa bai kama ba. Na ɗauka tsufa ne ya ruɗa ta. Na ɗan taɓa man don ta ji ƙanshi, na lafta lallen. Da la'asar ta tambaye ni, na leƙa na ce bai kama ba tukuna. Ta yarda da ni.

Gab da magariba na wanke. Kan ya fito jawur kamar garin barkono. Ta daɗe tana kallon madubi.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Miƙo min kallabi."

Washegari ƙanwar ta iso, suka rungume juna suna kuka. Bayan an ci abinci ta kwance ƙunshinta ta fito da tsohon tsinken kitso na mahaifiyarsu.

"Yaya, buɗe in yi miki irin wanda Inna ka yi muna."

Kaka ta dafe kallabinta. "Kaina na ciwo. Bari sai kin dawo."

Sau uku ƙanwar tana roƙo. A na ukun na ga fuskarta ta canja, ta mayar da tsinken ta ɗaure. Ina tsaye a bakin ɗaki, na san kalma ɗaya daga bakina ta isa, tsoro ya hana ni. Mota ta tashi da yamma. Ƙanwar ba ta dawo ba, a Makka aka binne ta.

Kaka ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Da ta dake ni da na huta, har yau abin yana cina.

Yanzu 'ya'yanmu rinin kwali suke saya a birnin Madani, su karanta bayaninsa da Larabci, ko Hausar ma ba ta zauna musu a baki ba. Kullum suna bina da shi wai na tsufa. Na ƙi. Ina da ƙanwa a garin Suki, idan ta zo nakan cire kallabin tun kafin ta gama sallama.