"Da Sauƙi" Ɗin da Ya Hana Ni Ganin Yaya Asabe

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Asabe, yayata da ta raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu. Mutuwar kam na haƙura da ita tuntuni, hukuncin Allah ne. Abin da har yau yake ƙona mini rai kalma biyu ce: "da sauƙi."

Lokacin ina koyarwa a Garaku, ita tana kwance a gidanmu na Keffi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Kullum na buga waya, amsar ke nan. Ashe ta daina cin abinci, ruwa ma sai dai a jiƙa mata leɓe. Barci ya yi yawa, ƙafafu sun yi sanyi, numfashi yana ɗaukewa yana dawowa. Ranar Laraba ta farka garau, ta nemi kunun gyaɗa, ta yi ta tambayar ina nake. Aka ce mini har ta tashi zaune, in bari sai ƙarshen mako. Ranar Juma'a aka kira ni jana'iza.

Bayan sadakar uku, Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinmu, ta ce mini, "Ɗan nan, ai tun da ƙafafun suka yi sanyi muka san tafiya ce. Tashin nan na Laraba ma bankwana ne. Ba a dai faɗa ne."

Ba a faɗa! Wa ya hana? Sun san alamun sarai, suka rufe ni da sunan kada hankalina ya tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba wanda ya san ranar wani, gaskiya ne, amma "taho ka gan ta" ba duba ba ne.

Da Yaya za ta leƙo yau, ta ga yadda 'yan uwa ke rige-rigen ɗora hotonta a waya da doguwar addu'a, tsaki za ta ja. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, ko me za ka ji.

Wannan halin shi ne gadon da ta bar mini. Watan jiya tsohon maƙwabcinmu ya kwanta, na ga irin alamun nan. Ɗansa ya bugo daga Nasarawa, uwarsa ta fara lallaɓa shi. Na roƙe ta wayar, na ce, "Isa, bar abin da kake yi ka taho yau."

Har yanzu wasu a gidan su Isa ba sa amsa gaisuwata. Amma Isa ne ya riƙe hannun ubansa, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada.