Motar Nono ta Na'Allah

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Konni da Badaguishiri a zamanin da kwaltar Tawa take sabuwa ya san motar Na'Allah, ko da bai taɓa shigarta ba. Tun daga nesa ake gane ta. Sauran motoci tafiya suke yi, ita kuwa sai ta zabura ta dakata, ta zabura ta dakata, kamar akuyar da ake ja zuwa mahauta.

Na'Allah mutumin Tajaye ne, masaƙi ɗan masaƙi. Tun ƙafafunsa ba su gama isa matakan masaƙa ba ubansa ya zaunar da shi a kai. Hagu ta taka dama ta ɗaga, dama ta taka hagu ta ɗaga, haka ya yi ta yi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Sai atamfa da bargunan kamfani suka cika kasuwa, gwadon hannu ya zama sai tsofaffi ke tambayarsa. Bayan yunwar tamanin da huɗu ya tattara abin da ya samo a cin rani, ya haɗa da raƙumin da ya gada, ya sayi tsohuwar akori-kura, wadda mutanen Konni ke ce wa bashe. Ya kuma samo farmin tuƙi, wato lasisi. Yadda aka yi ya samo shi, wannan sai Allah da wanda ya ba shi.

Buri ɗaya ne a zuciyar bawan Allahn nan: a kira shi direba. A tashar Konni akwai wani benci a gindin bedi, wato darbejiya, inda direbobi ke shan shayi, kowa da laƙabinsa, Direba Wane, Direba Wane. Shi kuwa ranar da ya fara zama a bakin bencin suka ce, "Masaƙi, sannu da zuwa." Ya yi dariya tare da su, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da ƙafafunsa sun rufa masa asiri, da sunan ya shuɗe. Ina! Da ya zauna a kujera, ya ji abin takawa a ƙarƙashin hagu, ga wani a ƙarƙashin dama, sai su koma aikin da suka sani. Hagu ta taɓa kuloci, dama ta taɓa totur, hagu, dama, hagu, dama, tun daga Konni har inda Allah ya nufa. Shi bai ma san yana yi ba. Faifan kuloci kuwa ba a yi shi don a yi ta goga shi ba, sai ya yi zafi ya ƙone, warinsa ya cika mota.

Mika'ilu makanike, mai gareji a bayan tasha, shi ke canza masa. Rannan ya gaji, ya ɗaga ƙonannen faifan ya nuna masa.

"Na'Allah, wanga na kamfani na, asalin irin wanda anka yo motar da shi. Mutane na yin shekara da shekaru ba su buɗe nasu ba. Kai ko damana ka ƙone guda, rani ka ƙone guda."

"Masu kamfanin nan ba su tsoron Allah," in ji Na'Allah.

"Bar kamfani. Ƙahwarka ta. Saƙa kakai cikin mota."

"Ni? Ni da na bar saƙa tun yaushe!"

Yana wannan rantsuwa yana zaune a kan tsohuwar taya, ƙafafunsa na taka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mika'ilu ya dube su, ya dube shi, ya ga magana ba ta da amfani, ya koma ƙarƙashin mota.

Fasinja dai ba su yi doguwar shawara ba. Wani alhaji ya shiga da rawaninsa tsaf, kafin a kai garin Tsarnawa ya warware ya sauko masa a wuya. Wani mai ƙwan zabi ya isa kasuwa da abin da sai dai a kai wa mai shayi ya soya. Aka wayi gari in layin Na'Allah ya zo sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Ana haka, wata ranar kasuwar Badaguishiri, wata dattijuwar Bafillata mai tallar nono, sunanta Fati, ta makara. Rugarsu na gaba da Tsarnawa, motoci duk sun wuce cike, sai Na'Allah ya zo yana zabura ba kowa a baya. Ta hau dole, ta rungume gorar kindirmon da ba ta samu kaɗawa ba, tana ta salati har suka isa. Da ta sauka ta zare toshiyar gora, sai ga man shanu ya taso curi guda, rawaya, ya fi wanda take shan wahalar kaɗawa da hannu. Ta dubi gora, ta dubi mota.

Kasuwa mai zuwa, Na'Allah ya tarar da ita a bakin kwalta da matan ruga jingim, kowacce da gorarta. Suka bar lafiyayyun motoci suna wucewa, shi suke jira. Fati ta zauna gaba ta ce, "Kai Kaɗo, tahi yadda ka saba, kada ka gyara komi." Kaɗo take ce masa kullum, yadda Fulani ke tsokanar Bahaushe.

Daga nan motarsa ba ta sake tafiya wofi ba. Matarsa Tabawa ta daina sayen mai, tuwonsu har maƙwabta na jin ƙamshi. Wani mai hankali da sai ya gode wa Allah ya yi shiru. Amma direbobin benci suka sa wa bashen suna motar nono, in ya dawo su tare shi: "Masaƙi, yau man ya hita?" Sai ya ji duk man duniya bai kai wannan baƙin cikin ba.

Ya koma wa Mika'ilu ya ce shi fa sai an yi masa maganin abin nan. Mika'ilu ya ce, "Tunda ƙahwa ba ta jin magana, sai mu sa mata wanda ya hi ƙarhinta. Akwai kuloci na motocin sahara, mai taurin tsiya, in ba da niyya ka taka ba ba shi motsi. Amma in hwaɗa maka, abu mai ƙarhi ba shi sassauci. In shi bai ba da kai ba, wani abu ka ba da kai."

"Sa min."

Aka aika Sakkwato aka kawo, aka sha fama da guduma da walda har ya zauna. Ranar gwaji Na'Allah ya danna da kyar, ya saki gaba ɗaya, mota ta yi tsallen kwaɗo, akwatin giya ya zubar da haƙora a ƙofar gareji. Mika'ilu ya ce, "To, ga wani abun nan." Aka sake aikawa Sakkwato, aka kawo akwatin giya mai ƙarfi daidai da kulocin. Kafin ya saba da takawa ƙafarsa ta hagu ta yi kauri, har wandonsa ya matse gefe guda. Tabawa tana gasa masa ita da ruwan zafi tana cewa, "Malam, ni dai miji guda na aura, ga ni da ƙahwahun mutum biyu."

Amma fa maganin ya ci. Hagu ta nemi saƙarta, ƙarfe ya ƙi, dama ta jira ta gaji, ita ma ta natsu. Mota ta miƙe a kan kwalta sumul. Na'Allah ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya shigo tasha a hankali, ya bi ta gaban benci har sau biyu don a gani. Aka gani kuwa. Wani ya ce, "Kai, Masaƙi ya sayo sabuwar ƙahwa!" Aka kwashe da dariya. Fasinjan gari kuma ba su dawo ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ranar kasuwa ya ɗauki su Fati, ya kai su Badaguishiri ko ɗankwalin mutum ɗaya bai goce ba. Ya tsaya yana jiran yabo. Mata suka zare toshiya, kindirmo na nan kwance yadda aka zuba shi. Ga masu sayen mai sun yi layi. Dole manyan mata suka zauna a tsakar kasuwa suna kaɗa gora da hannu, mahauta na yi musu waƙa.

Fati ta zo bakin taga. "Kaɗo, mi ya samu motag ga? Ba ta da lahiya?"

"Yanzu ta samu lahiya, Inna."

"To Allah ya ƙara mata. Mu dai mai ciwon muka so."

Kasuwa ta zagayo, ya tarar da bakin kwalta wayam. Tunda sai sun kaɗa a gida, sai su tashi da wuri su hau duk motar da ta fara zuwa. Ya yi ta zuwa yana dawowa shi kaɗai, tuƙi mai kyau, wanda babu direban da zai kushe, kuma babu ko mutum ɗaya a baya da zai ba da shaida. Tabawa ta koma miyar kuka tsura.

Wata safiya ya shiga gareji ya zauna a kan tayarsa. "Mika'ilu, hidda shi. Maido min na kamfani."

"Ƙone shi za ka yi."

"Na sani. Ka aje wani kusa."

Haka ya ci gaba har tsakiyar shekarun casa'in, damana guda rani guda, yana zabura yana dakatawa, mata cike da mota. Ya haƙura da benci, yana shan shayinsa a gareji. Bai sake cewa a kira shi komai ba, ko da yake Mika'ilu ya san abin na nan a ransa.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, bashe ta zauna a ƙofar gida kaji na kwana a ciki. Su Fati suka jira kasuwa bayan kasuwa ba su gan shi ba. Sai ga ta da kanta a tashar Konni da ƙwaryar mai a ka, ta tsaya gaban benci.

"Ina direba?"

Direbobi suka miƙe, kowa na nuna motarsa. "Ga mu, Inna, ina za ki?"

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ba masu mota nic ce ba. Direba nika tambaya."

Mika'ilu na nan tsaye, shi ya raka ta gidan Na'Allah. Ta shige wurin Tabawa, shi kuma ya zauna bakin tabarmar Na'Allah ya kwashe yadda aka yi ya gaya masa. Na'Allah ya ce a sake faɗa masa. Mika'ilu ya sake. Tsohon ya juya fuskarsa bango, ya daɗe a haka, kafin ya yi tambaya.

"Gaban kowa ta hwaɗi?"

"Gaban kowa," in ji Mika'ilu.