Hannun Baba a Kan Fata

A kamfanin fatun da na yi aiki a Challawa akwai wani dattijo ɗan Jigawa, Baba muke ce masa. Shi ke tantance fata, mai kyau daban, ta banza daban. Ya shafa, ya sansana, ya yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Rannan manaja ya kawo injiniya da kwamfuta da kyamara. Wai na'urar ƙwaƙwalwa gare ta irin ta ɗan Adam sak, har da jijiyoyi. To, madalla. Mu da muka zo da tamu tun daga gida ba a taɓa tara ma'aikata an yi mana tafi ba.

Ni aka ɗora wa ɗaukar hoto, tunda ni ne mai difloma. Wata biyu ina tsaye a kan Baba, duk fatar da ya duba in ɗauka, in rubuta hukuncinsa. Aka ba na'ura wasu hotunan ta haddace, aka jarraba ta da sauran, ta cinye. Aka yi wa Baba godiya da lemon kwalba, aka ce ya je ya huta. Mai 'ya'ya bakwai a Zawaciki, ai kuwa hutu ya samu.

Da aka fara aiki, duk fatar da ta zo sai gwanar tamu ta ce ta banza ce. Injiniya ya yi sharkaf da gumi. Kwana uku, na ji da kunnena manaja yana cewa a nemo Baba ranar Litinin.

Ni kuma da shegen son a sani, na koma kan hotuna. Ashe in fata ta yi wa Baba, ba ya ɗauke hannu, sai ya yi ta shafa ta kamar kan jikansa. Marar kyau kuwa turewa yake ya janye. Babbar ƙwaƙwalwa ba fata ta koya ba, hannun Baba ta koya; in babu hannun a hoto, fata ta banza ce.

Da na yi shiru da Baba ya dawo. Ina! Da gudu na haura ofis: "Ranka ya daɗe, na gano!" Aka yanke hannun daga hotunan, aka sake koya mata. Ba wanda ya aika Zawaciki. Manaja ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ce lallai ina da ƙwaƙwalwa. Wallahi har yau kunya nake ji.

Bara na haɗu da Baba a bakin titi, ya miƙo mini hannu.

"Ɗana, na'urarku ta iya kuwa?"

"Ta iya, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

Bai saki hannuna ba, ya riƙe yana ta shafawa.