Makullin da Aka Karɓe wa Inna

A gidanmu na Dutsi ba kaka ce ke yi mana tatsuniya ba, Inna ce, kuma ba ta taɓa yin ta hannu sake ba. Da an sauke tuwo an yi magariba, sai ta ɗora gwangwanin ƙaro a gefen murhu ya narke kan ragowar garwashi, ta zazzage jakarta a tabarma. Littattafai ne na laburaren makarantar sakandaren garinmu, inda take aiki. Wani bangonsa ya ɓalle, wani tsakiyarsa ta zube, wani ya sha miyar kuka a gidan wanda ya ara. Ni da ƙanwata Ummi da yaran maƙwabta mukan kewaye ta, tana ɗinki tana liƙi tana ba mu labari. Ba ta farawa yadda kowa ke farawa. Sai dai ta ɗaga allura ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu haɗa baki mu ce, "Ga tabarma, ta zauna!"

Malama Rabi ake kiranta a gari. Laburaren nata ɗaki ɗaya ne tak, kanta huɗu da benci biyu, amma ba wanda ya taɓa shiga ya fito hannu rabbana. Ɗalibai suna ara, waɗanda suka gama makaranta suka koma gona suna ara. Akwai wani ɗan acaɓa da ke zuwa duk mako ya karɓar wa yayarsa da ke aure a wani ƙauye ta wajen Mai'adua, ya sa littafin cikin leda, ya cusa a rigarsa saboda ruwan sama. In littafi ya dawo a yage, Inna ba ta faɗa. Cewa take, "An karanta shi ke nan."

Ina aji biyu aka kawo sabon firinsifal. A makonsa na farko ya zaga laburaren, ya ɗauki littafi ɗaya da 'yan yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

"Malama Rabi, duk sun yi baƙi saboda hannu. In baƙi suka zo daga ma'aikatar ilimi, wannan zan nuna musu?"

"Ranka ya daɗe, ai don hannu aka yi su."

Ya ce daga ranar kada littafi ya sake fita daga ɗakin. Inna ta daina ba mutanen gari, ko da yake abin ya yi mata ciwo, amma 'yan aji shida da jarrabawa ta matso musu ba ta iya hana su ba. Labari ya kai masa. Da safiyar wata Litinin, muna tsaye a layin asambule, ya kira ta gaban kowa ya ce tana lalata dukiyar gwamnati, ya miƙa hannu. Ina kallon uwata tana kwance makullin daga bakin gyalenta, ƙullin ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori. Ta miƙa masa, ya jefa a aljihu. Daga ranar aka mayar da ita bakin ƙofar makaranta, tana rubuta sunayen masu latti.

Da yammacin nan jakarta ba komai a ciki. Ba ta ɗora ƙaro a wuta ba. Amma yara sun taru kamar kullum, ta dube mu, ta ce baƙuwa ta iso.

Ta ce a wani ƙauye an yi wata tsohuwa da ke riƙe da rumbun irin gari. Da an yi ruwan shuka, duk mai buƙata ya zo ta auna masa gero ko dawa, da kaka ya mayar. Wani ya mayar da fiye, wani ya mayar da ƙasa, wani ma ɓera ya riga shi. Rumbun bai taɓa cika ba, bai kuma taɓa ƙarewa ba. Sai aka naɗa sabon dagaci, ya leƙa ya ce wannan abin kunya ne, rumbun gari guda a ce rabi. Ya sa aka cika shi fal, aka liƙe bakinsa da laka, aka yi masa zane mai kyau. Duk baƙon da ya zo sai a kai shi ya gani, ya yaba. Damina ta zo, mutane suka je wurin tsohuwa, ta nuna musu tafin hannunta. Gonaki suka zauna ciyawa. Bayan shekara biyu yunwa ta sa aka fasa rumbun, sai ga garin hatsi da ƙwari suna zubowa, ko tsaba ɗaya mai rai babu.

Nan ta tsaya. Muryarta a ranar ba irin ta kullum ba ce, ba ta kwaikwayi muryar kowa ba, ba ta yi mana waƙa a tsakiya ba.

"Sai me aka yi wa dagacin, Inna?" in ji Ummi.

"Ba a yi masa komai ba."

"To ai tatsuniya ba ta ƙarewa haka!"

"Wannan haka ta ƙare. Ku tashi, ga ladan can zai kira isha'i."

Abin da ya biyo baya ya fi tatsuniyar muni. Damina biyu laburaren na kulle. Kwanon rufinsa ya fara yoyo, Inna ta ga ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sau biyu tana zuwa ofishin firinsifal tana roƙon a buɗe ko na wuni ɗaya ne a shanya littattafan a rana, ya ce mata ta kula da aikin da aka ba ta. Ranar da baƙin da ake ta jira suka zo aka buɗe, wari ne ya fara tarbarsu. Gara ta cinye kanta biyu, sauran sun manne da juna kamar danƙo. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya rubuta cewa sakacin mai kula da laburare ne. Matar da aka raba da makulli shekara biyu! Aka ba ta takardar tuhuma, daga baya aka yi mata ritaya lokacinta bai yi ba. Shi kuwa aka ɗaga shi zuwa makarantar da ta fi girma.

Ban taɓa jin ta zage shi ba. In maganar ta taso sai ta ce, "Littattafan nake tausayi." Ta koma koya wa matan unguwa karatun boko a tsakar gida, da allo da alli, har ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Bara, a ƙarshen damina, Allah Ya karɓi abarsa.

Ranar uku da rasuwar, ga ni uwar 'ya'ya uku ina zaune cikin mata, aka ce wani dattijo na son shigowa ya yi wa iyali ta'aziyya. Gemu ya yi fari, yana dogara sanda, amma da ya yi sallama na gane muryar firinsifal ɗin nan ce. Ya yi addu'a, aka shafa. Sannan ya ce, "Malama Rabi kam mun yi aiki tare. Ba wanda ya san darajarta kamata. Ni na tsaya mata a kan laburaren nan."

Gwaggona, yayar Inna, ta ga fuskata ta kama gefen hijabina. Na zame.

"Malam, ina cikin layi ranar da ka karɓi makullin."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Yarinya, abin da ya wuce ai ya wuce."

"Takardar da aka rubuta mata tana nan cikin akwatinta. Ba ta wuce ba."

"Safiya," in ji Gwaggo, "gidan makoki ne."

Saboda ita na bar maganar. Ya lalubi sandarsa ya fita. Mata suka yi ta cewa ban kyauta ba, tsoho ne. Inna ma tsohuwa ce, kuma da sunan mai sakaci a takarda aka kai ta kabari.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar nan a kan dagaci take. Sai da na girma na lura cewa ba shi kaɗai ya liƙe rumbun ba. Wasu ne suka kwaɓa lakar, wasu suka tsaya kallo. Malaman da suka zauna a kwamitin duk sun san wa ke riƙe da makulli, wasunsu ma Inna ce ta ara musu littafin da suka ci jarrabawa da shi, amma suka sa hannu. Iyayen da 'ya'yansu suka amfana ba wanda ya taka zuwa makarantar ya tambayi ba'asi. Ni kaina ina tsaye a layi, kaina a sunkuye, ina addu'ar kada ƙawayena su waiwayo su kalle ni.

Ummi ce ta yi jinyarta ta ƙarshe. Ta gaya mini cewa kwana biyu kafin ta cika, Inna ta ce ta yafe wa kowa, ta ma ambaci sunan mutumin da bakinta. Na yarda, haka take. Ni ma ina roƙon Allah Ya ba ni irin zuciyarta, amma ba zan yi ƙarya a kan uwata ba: har yau ban kai wurin ba.