Sannu-Sannu, Wadda Ba Ta Wanke Faifai Sai An Saurara

Kafin rana ta taɓa tagar ɗakin kwamfuta na unguwarmu, mai kula da shi ta riga ta iso. Takan yaye ƙyallayen da ta lulluɓe na'urori da su a hankali, kamar uwa mai tashin 'ya'ya daga barci, fanka na juyawa bisa kanta. Sannu-Sannu muke ce mata. A kan kujerar nan ta manyanta, kuma a watan nan za ta ajiye aiki.

Ni ban taɓa zama a aji ba, a jikin manyan motoci na koyi haruffa. Kogi ya haɗiye ni ya amayar. Mota ta kife da ni, na fito ina kakkaɓe riga. Likitan da ya fid da rai da ni, da ƙafata na je jana'izarsa. Irin wannan tarihi ai bai kamata ya bi ni kabari ba. Sai na ɗauko filash, ɗan faifan nan mai kamar yatsa, daga kayan marigayiya matata, na kai wa Sannu-Sannu ta wanke shi tas, in cika shi da labarina.

Ta soka shi a na'ura. Na'ura ta ƙi wanke shi, wai sai da kalmar sirrin shugaban ofis, shi kuwa ya yi tafiya.

Na ce, "Gaya mata wanda ke zaune a nan!"

Ta yi dariya. "Baba, ni da kai duk talakawanta ne."

Telan da ke jiran layi ya ce ta kira shugaban ya faɗa mata kalmar.

Ta ce, "Ba na aron makullin wani. Akwai 'yar ƙofar da aka bar wa irinmu. Cikin na'ura ba namu ba ne, amma faifan da ka kawo da hannunka kana da iko da shi. Sai dai, Baba, in an wanke an wanke. Ba na goge abin da mai shi bai ji ba."

Ta maƙala mini abin saurare a kunne, ta kunna abin da ke cikin faifan.

Na ji ruwa na zuba a bokiti. Cokali na taɓa tukunya. Ɗakin ya narke, na tsinci kaina a tsakar gidanmu, inuwa ta karkata, wanki na ɗiga a igiya. Sai muryar matata, ashe 'yarmu ta taɓa naɗarta: "Malam, labarin kogin nan kake ba baƙi kuma? Ruwan fa iya gwiwa ne!" Ta saki dariyar da na yi zaton ƙasa ta cinye.

Ruwan nan iya wuya ne, har gobe ina kan bakana. Amma ni da kogi bai ga hawayena ba, tela ya gani.

Sai da Sannu-Sannu ta kwashe muryar ta sa mini a waya, sannan ta bi 'yar ƙofarta ta wanke faifan.

Ke ce, Sannu-Sannu 'yata, mai ƙaramin iko da babbar amana. Tela ya shaida haka kika yi da hotunan mahaifinsa, mai wankin unguwa ma ta ba ni irin labarin. Na gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu zuwa bayanta, kada yatsanku ya riga kunnenku. Ku saurara tukuna.

Kullum da hantsi nakan kunna wayar, matata ta ƙaryata ni, in ba ta amsa.