Laimar Dona Zuleide a Ranar São Pedro

Dona Zuleide ba don sha'awa ta koyi hawan laimar iska ba, haushi ne ya koya mata. Tela ce. Tun tana amarya take ɗinka ƙyallen jangada, kwale-kwalen masuntan Pontal da iska ke turawa, na mijinta Seu Anacleto da na maƙwabta. Da baƙi suka gano iskar gaɓar Ceará, suka riƙa zuwa da manyan laimomi masu launi suna tsayawa kan ɗan katako iska na jan su bisa ruwa, sai ya zama duk wanda tasa ta yage gidan Zuleide ake nuna masa. Wata rana wani Bature ya dawo da tasa ya ce ɗinkinta ya sa tana karkata hagu. Ta ce ba ɗinkinta ba dai. Ya ce to ta hau ta gani in ta isa.

A lokacin ta riga ta ba arba'in baya. Ta tasa Gilvan a gaba, ɗan yayarta mai koyar da baƙi, ta ce sai ya koya mata. Ta sha ruwan gishiri har ta ƙoshi, gwiwoyinta suka saɓule a yashi, matan da suke saƙa tare suka yi ta dariya har suka gaji. Kafin ta iya, Baturen ya daɗe da komawa ƙasarsu. Da ta iya kuma sai ta gane shi ne mai gaskiya, ta gyara yadda take kama baki, daga nan ba ta sake miƙa wa kowa laima ba sai ta hau ta ji da hannunta.

Seu Anacleto bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Shanya yake ce masa. In ta fito da ɗamara a ƙugu yana gyaran koma a inuwa, sai ya ce wa duk wanda ke kusa, ga matarsa za ta kai wanki sama. Ita kuma ta ce masa ya ji da kifinsa. Haka suka zauna shekara da shekaru, kowa da tekunsa, tukunya ɗaya.

Amma akwai abin da Anacleto ba ya wasa da shi. Yana saurayi guguwa ta taɓa kifar da shi can nesa da gaɓa, ya rungumi katako har aka tsince shi. A cikin ruwan nan ya yi wa São Pedro, waliyin masunta, alkawari: muddin yana numfashi, duk ranar bikin waliyin ƙyalle daga gidansa, a hannun ɗan gidansa, zai raka gunkinsa a jerin jirage, a zagayo Baƙin Dutse da ke cikin teku a dawo tare. Bai taɓa fashi ba. Sai ga shi da daminar bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta koma ɗai-ɗai, jangadar ta zauna kan guma-guman itace rana na cin ta. Ɗansu guda yana São Paulo yana aikin gini, shi da ko a tafki amai yake yi. Gilvan kuwa dangin mata ne, tsohon ya ce bai shiga alkawari ba. Da watan Yuni, watan bikin, ya kama, Anacleto ya juya wa bango fuska, wainar rogon da yake so ma sai a ɗauke ta yadda aka ajiye. Zuleide ta san mutumin nan. Ta san in ranar ta wuce ba a cika ba, ba zai ƙara tashi daga shimfiɗar nan ba.

Ta tsaya a kansa da kofin kofi a hannu ta ce, “Tsoho, ni ba ’yar gidanka ba ce?”

Ya dube ta da ido ɗaya.

“Laima kuma ba ƙyalle ba ce? To tashi ka sha, ni zan raka shi.”

Ya daɗe yana juya harshe kafin ya fito da kalmar. “Shanya,” in ji shi. Amma ya karɓi kofin.

Wahalar ba ta zuwa ba ce, ta zaɓe ce. Laima uku gare ta, duk tsofaffin da baƙi suka bar mata ta fafface: ƙarama mai lamba bakwai, matsakaiciya mai goma, da babba mai goma sha uku. Daga Agusta zuwa ƙarshen shekara ba mai tunani a Pontal, ƙarama ake ɗauka a fita, don iskar ba ta saɓa alkawari. Yuni kuwa wata ne mai fuska biyu. Da safe, lokacin da jerin jiragen ke tashi, iskar kamar numfashin jariri take. Rana na karkata sai ta taso ta tsaya da ƙafafunta, musamman bayan dutsen inda babu tudun yashi da zai tare ta. A tsakiyar teku kuma ba a sauya laima kamar ɗankwali, wadda ka fita da ita da ita za ka dawo.

Gilvan ya zo ya baje su a tsakar gida yana ta bayani. Ya ce babbar za ta ɗauka, in ba haka ba jirage za su tafi su bar ta tana tsoma kamar buhun gari, gari duka na kallo. Ta tambaye shi dawowa fa. Ya ce in iska ta yi yawa sai ta saki laimar, shi yana biye da jirgin inji zai ɗauke ta. Ta ce wato a dawo da ita a jirgin wani, alkawarin ya tashi a banza ke nan. Ya ce to ƙaramar, ta jira iska ta taso. Ta ce waliyi ba ya jiran kowa.

“Gwaggo, mai goman nan fa ba ta ga safe ba ta ga rana,” in ji Gilvan.

“Ta ga ni,” in ji ta.

Ba taurin kai ne kawai ba, ko da yake tana da shi fiye da buƙata. Ta ja shi bakin jangadar mijinta ta nuna masa katakon da ake kafa sandar ƙyalle, mai ramuka a jere. Ƙyalle ɗaya Anacleto ya yi rayuwarsa da shi, in ji ta, iska ta yi sanyi ya mayar da sandar wannan rami, ta yi fushi ya mayar wancan. Don haka ba girman laima take nema ba, tana neman wadda ke karɓar gyara. Mai goman tana da saurin juyawa, in aka yi ta kaɗa ta sama da ƙasa tana samo wa kanta iska, in kuma aka ja igiyar rage ƙarfi tana lafawa sosai. Ta cire tsohuwar igiyar ta sa mai tsawo, ta bi duk ɗinkin da yatsa, ta ƙara faci inda ma bai nemi faci ba. Ta ce ta sani sarai da safe za a yi mata dariya, amma ƙaramar laima kunya take ba mutum, babba kuwa kai take fasawa, ita kuma ta daɗe da sabawa da kunya.

Ranar biki aka fito da gunkin waliyin daga coci, ana harba tartsatsin wuta, mata na waƙa, jirage sun sha ado da tutocin takarda. Maza biyu suka ɗauko Anacleto a kujera suka ajiye shi a bakin ruwa da hularsa ta kaba. Gilvan ya buga wa laimar iska ya kife ta a yashi, Zuleide na warware igiyoyi. Ganyen kwakwa da ƙyar yake motsi.

Tana ɗagowa sai ta ga tsohon ya miƙe. Ya dafa kafaɗar wani, a hannunsa na hagu ga ludayin katakonsa na jangada, yana jan ƙafa zuwa ruwa. Duk masuncin da ya san aikinsa yana watsa wa ƙyalle ruwa in iska ta yi ƙaranci, don auduga in ta jiƙe saƙarta na matsewa ta riƙe iska. Laima kuwa ba auduga ba ce. In ta jiƙe nauyi take yi, yashi ya manne mata, a irin wannan safiya kuma ko nauyin tsinke ana jin sa. Gilvan ya buɗe baki zai yi magana, ta damƙe masa hannu har sai da ya ji farce. Tun da ciwon ya same shi, wannan ne aiki na farko da Anacleto ya yi da hannunsa. Ya ɗebo ya watsa, rabi a ƙafarsa, ya koma ya sake ɗebowa. Sai da ya jiƙe ta daga wannan kunne zuwa wancan sannan ya yarda aka mayar da shi kujera, yana haki, fuskarsa kamar ta wanda ya gama noma.

“Gwaggo, ya kashe ki,” in ji Gilvan ƙasa-ƙasa.

“Ɗaga min ita,” in ji ta.

Laimar ta tashi da ƙyar tana zubar da yashi. Zuleide ta shiga ruwa, ta kaɗa ta, ta hau katako, ta yi ’yar tafiya ta nutse. Ta sake, ta sake nutsewa. A karo na gaba laimar ta yi baya-baya ta faɗo ruwa shaf, ta kwanta kamar tabarma. Jirage suka wuce ɗaya bayan ɗaya, masu inji na gaba, masu ƙyalle na bin su a hankali. Wani daga cikin jirgi ya tambaye ta ko a jefo mata ƙugiya, mutane suka fashe da dariya. Ta ce ya ajiye abarsa ya kama wa matarsa kifi ko sau ɗaya a shekara. Gilvan ya zagayo da jirginsa ya miƙo hannu, ta ƙi ko kallonsa.

Ta ji tsoro a nan, ba na ruwa ba, na tsohon da ta san yana kallo. Amma ta zauna a ruwan tana riƙe da igiya ɗaya, tana kallon fuskar teku ta gabas. Waƙar ta yi nisa har ta daina jin ta. Can sai ta ga ruwan ya fara duhu yana tattarewa, alamar da take jira. Ta ja igiyar a hankali, kunnen laimar ya ɗaga, ruwa ya zube, ta mirgina ta miƙe tsaye. Tekun ya wanke mata yashin tas. Zuleide ta kaɗa ta da ƙarfi, katako ya fito, wannan karon bai koma ba.

Kafin ta kai Baƙin Dutse jerin ya riga ya juya. Ba ta tarar da kowa ba sai furannin da aka watsa suna yawo bisa ruwa. Ta zagaya ita kaɗai, ta yi faɗi sosai kada dutsen ya tare mata iska, ta ambaci sunan Anacleto da ƙarfi don kada a yi kuskuren mai alkawari. Tana fitowa ɗaya gefen iskar rana ta same ta gaba ɗaya. Ɗamara ta shaƙe mata ƙugu, katako ya fara tsalle yana dukan ruwa, ta ji ana neman ɗaga ta sama. Da babbar ta ɗauko, da nan labarin ya ƙare. Ta miƙa hannu ta ja doguwar igiyarta har ƙarshe, ta kwanta baya ta kafa dunduniya, laimar ta lafa ta miƙa wuya. Cinyoyinta na ƙuna, gishiri na cin ido, ta yi ta yanka ruwa har ta hango tutocin takarda.

Ta cim musu gab da gaɓa. Wanda ya yi mata tayin ƙugiya yana fama da kwasar ruwa daga jirginsa, ta gaishe shi da kyau ta wuce. Ta rage gudu ta jera da jirgin waliyin, limamin cocin na riƙe da gunkin da hannu biyu kada ya faɗi, suka shigo tare.

Gilvan ya kama laimar, ita kuma ta tako yashi, ta durƙusa gaban kujera. Anacleto ya tambaya ko ta zagaya. Ta ce ta zagaya, ta kuma faɗi sunansa. Ya kalli laimar da ke kife tana ɗiga, ludayin na kan cinyarsa. Sannan ya haɗa maganar da ta fi kowace tsawo tun da ya kwanta.

“Da ban jiƙa miki ƙyallen nan ba, Leide, da ba ki kai ba.”

Gilvan ya dube ta. Ita dai abin da ta ji shi ne bai ce shanya ba.

“Haka ne, tsoho,” in ji ta. “Baɗi ma kai za ka jiƙa.”

Ya gyaɗa kai, ya ce a duba ko masu suyar kifin can sun sauke, yunwa yake ji.