Jar Kumfa a Buroshin Auta

Shekarar da muke jiran a kira autarmu dashen ɓargo, zama ya gagare ni. Sikila gare ta. An gwada yayanta, ɓargonsa ya dace da nata, saura a sa mana rana. Ina koyarwa a Samaru, amma hankalina na kan wayar da ke aljihuna. Ɗalibai sun gane. Da na kai hannu aljihu sai aji ya yi tsit, ladabin da bulala ba ta taɓa samo mini ba.

'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, kowa da maganin ƙarin jini iri ɗaya: lemun malt da madarar gwangwani. Dangina sun kawo, 'yan cocin maƙwabciyarmu sun kawo daga Sabon Gari. Ban san wata mas'ala da addinan biyu suka yi ittifaƙi a kanta haka ba. Yarinya ta sha ta ƙoshi, in an kawo tuwo ta kau da kai. Wa zai tsawata wa mai jiran dashe?

Wata safiya uwarta ta miƙo mini buroshinta. Kumfar ja ce. A cinyarta jini ya kwanta ƙarƙashin fata, alhali ba ta faɗi ba. Muka nufi asibitin Shika.

Likitarta ta ce jinin ba ya daskarewa da wuri, bitamin K ya yi ƙasa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ta daɗe tana sha ya share har da na hanji masu samar da shi, ga ganye ya daɗe bai shiga cikinta ba.

"Malam, ba a dashe a haka. Sai mun gyara mun sake awo."

Aka yi mata allura. Na wuce kasuwar Sabon Gari, na dawo da alayyahu da zogale kamar mai kiwon zomo. Na tarar da gwaggona da sabon katan na malt. Na gode mata, na tura shi ƙarƙashin gado.

"Ɗan nan, ba za ka ba ta ba?"

"Sai ta ci miya, Gwaggo."

"To, boko ya hana yarinya jini."

Auta ta daɗe tana kallon kwanon miyar ganyen. "Baba, in na cinye za su kira?"

"Ci dai, uwata."

Na koma mai duba buroshi kowace safiya, yadda nake duba jarrabawar da nake tsoron sakamakonta. Ja ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma fari. Awo ya fito daidai, likitar ta sanar da masu dashen cewa yarinya ta shirya.

Hannuna ya koma aljihu.